Layin Da Ke Wuyan Alhaji Rabe

A shekarar 1962 duk yaron da ya shiga firamare a Dutsin-Ma ya san cewa kaza tana da layi a wuya. Haka akuya, haka raƙumi, haka manomi riƙe da fartanya. Malam Sabitu ne ke koyar da zane, kuma duk mai rai da ya zana a allo, kafin ya ajiye alli sai ya ja masa siririn layi daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Wani Bature da ya zo duba makarantu ya ɗauka adon gargajiya ne, har ya rubuta a littafinsa cewa ya kamata a ƙarfafa shi.

Ba ado ba ne. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, Sabitu ya dawo daga makarantar horon malamai da littafi cike da fuskokin mutane, ya kai wa kawunsa Malam Lado na Kurfi, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, yana jiran yabo. Malam Lado ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce lallai akwai kama. Sannan ya ce ranar tashin alƙiyama za a jera wa mai zane duk abin da ya siffanta, a ce ya hura musu rai, ba zai iya ba, kuma ba za a sallame shi ba. Sabitu ya tambaya ko akwai mafita. Malam ya ce wasu malamai suna ganin idan an raba kai da gangar jiki, abin ya tashi daga zama mai rai, tunda ba a taɓa ganin yankakke yana yawo ba.

Sabitu bai iya barin zane ba, bai kuma iya barin tsoro ba. Layin nan shi ya ba shi damar riƙe su duka biyu.

Alhaji Rabe shi ne babban mai hatsi na garin. Geron Kutawa da dawar Wurma a rumbunansa suke kwana kafin mota ta kwashe su zuwa Katsina da Kano. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na fasfon aikin hajji, bai fi kwalin ashana ba, kuma a cikinsa ya fito kamar wanda aka kama a gonar wani. Da ya ga wani ƙaton hoton mai kanti a Kano, rataye sama da kan mai shi, sai ya dawo ya aika a kira masa malamin zane.

Yamma uku Alhaji ya zauna a zaurensa bayan la'asar, cikin babbar riga, Sabitu na gabansa da takarda mai faɗi da gawayin zane.

"Malam, hancin ga ya yi yawa," in ji Alhaji da ya leƙa a rana ta biyu.

"Alhaji, yadda na same shi haka na sa shi."

"To rage. Ai ba awo muke ba."

"In na rage ba za a gane ka ba."

"Wa zai shigo zaurena ya ga hoto a bango ya ce na wani ne?"

Sabitu ya rage hanci, ya ƙara gemu. A rana ta uku, da Alhaji ya tashi yin alwala, ya ɗauki fensirinsa mafi tauri, ya danna, ya ja layi a ƙarƙashin inuwar gemu, siriri kamar zare. Sannan ya fesa wa takardar ruwan ƙaro don kada gawayi ya goge. Aka sayo gilashi daga Katsina, kafinta ya yi masa katako, aka rataye a zaure. Mako guda mutane suna zuwa kallo. Wani tsoho daga ƙauye ya durƙusa ya gaida hoton, Alhaji na zaune a gefensa yana jin daɗi.

A rana ta tara Alhaji ya tashi da ciwon maƙogwaro. A ta goma tuwo ya ƙi wucewa. A ta goma sha ɗaya kunu ya ƙi, wuya ya kumbura ta gefe guda, murya ta tafi. Wanzami ya duba ya ce ba belu ba ne. Malamin asibiti ya zo ya yi allura, ya ce ƙurji ne a ciki, a jira ya nuna. Ba wanda ya ga dalilin da zai sa ƙurji ya zaɓi mutum kamar Alhaji haka kawai.

Wani mahauci, abokin Alhaji, shi ya gano dalilin. Yana zaune a zaure cikin 'yan dubiya sai ya miƙe ya matsa kusa da gilashin, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa.

"Wa ya yanka Alhaji?"

Aka taso aka duba. Mahaucin ya ce shekararsa talatin yana sana'a, kuma nan ne daidai inda ake aza wuƙa.

Washegari da hantsi Malam Sabitu yana aji, ya gama zana zakara a allo, ya ja masa layinsa, sai ƙofa ta yi duhu. Manu ne, ƙanen Alhaji, mai kula da ma'auni da 'yan dako, mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya aza a mota. Bai yi sallama ba. Ya dubi zakaran, ya dubi wuyan zakaran, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba shi amsar tambayar da bai riga ya yi ba.

"Malam, Yaya na kira."

"Ya jikin nashi?"

"Kai za ka hwaɗa muna."

Sabitu ya ce wa yara su kwafi zakara, ya bi shi. Allin yana hannunsa har suka kai kasuwa, bai sani ba.

Zauren cike yake. Akwai mahauta uku, da 'yan dako, da dillalan hatsi, da limamin unguwa a can gefe yana jan carbi yana kallon ƙasa. An sauko da hoton an jingine shi a bango. Daga cikin gida ana jin numfashin Alhaji, wani irin sauti kamar ana jan buhu a kan yashi.

Manu ya nuna wuyan hoton. "Wannan mene ne?"

"Layi ne."

"Mun ga layi ne. Wa ya ja shi?"

"Ni ne."

"Yaya ya sa ka?"

"A'a."

"Ya sani?"

"Bai sani ba. Ya tashi alwala ne."

Wani a bayansa ya ce, "Innalillahi." Sabitu ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ga cewa gaskiya ce kawai za ta fid da shi, domin gaskiyar tasa ta addini ce, ga kuma liman a zaune. Ya gyara murya irin ta aji.

"Jama'a, abin ba yadda kuka ɗauka ba ne. Da gangan na yi, kuma da dalili. Na raba kan da jikin ne don kada ya rayu."

Zauren ya yi tsit. Har numfashin da ke cikin gida ya zama kamar ya tsaya saurare.

"Don kada ya rayu," in ji Manu a hankali.

"Hoton! Hoton nake nufi! Don kada hoton ya zama mai rai, a ce in hura mashi..."

"Kun ji dai da kunnenku," in ji Manu.

Sabitu ya juya ga liman. "Malam liman, kai ka san maganar. Ai akwai ta a littafi."

Liman ya ɗago kai. Ya dubi mahauta, ya dubi Manu, ya ce lallai akwai magana a kan masu zane, kuma maganar ba ta yi musu daɗi ba, amma shi bai taɓa karanta inda aka ce a yanka Musulmi a takarda ba. Ya mayar da kai ga carbinsa.

Manu ya matso har Sabitu yana jin warin ƙurar gero a rigarsa.

"Ba ni son dogon turanci. Gobe bayan la'asar ka zo nan ka cire abin da ka sa, a gabanmu. In Yaya ya tashi, mun gode. In ya cika kafin nan, ko bayan nan, ba sai an wahal da alƙali ba."

Sabitu ya roƙi a bar shi ya je Kurfi ya ga kawunsa. Manu ya ce ya je ko'ina yake so. Ya dai tura 'yan dako biyu su zauna a ƙofar gidan Sabitu, don kada iyali su ji kaɗaici.

Rahmatu, matar Sabitu, tana tankaɗe ya shigo. Ta riga ta ji. Labarin ya zo mata ta kan katanga tun kafin a gama shi a zaure, kuma a yadda ya iso mata, an ce Malam ya yi rantsuwa sai ya ga bayan Alhaji.

"To ka goge mana," in ji ta. "Ba kana da roba ba?"

"Ba zai gogu ba."

"Fensir ne fa."

"Na danna shi, ya shiga takardar. Kuma na fesa ƙaro a kai. Sai an kankare."

Ya ɗauko wata tsohuwar takarda irin waccan, mai fuskar wani mai tallar goro, ya sa roba a kan layin wuyan, ya goga a hankali. Layin bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi. Takardar ta yi gashi, ta yi fari, sai ga rami ya buɗe daidai maƙogwaron mai goro, har ana hango tabarma ta ciki.

Rahmatu ta ajiye rariya.

"Ka yi wannan a gaban Manu, ni dai ka bar mani wasiyya."

"Ko da zai gogu, Rahmatu, in na cire shi hoton ya cika. Ranar alƙiyama..."

"Malam, alƙiyama da saura. La'asar ɗin gobe ita ce kusa."

Ta leƙa ta kafar ƙyaure. 'Yan dakon suna zaune a gindin bishiyar bedi, ɗaya yana feƙe rake da wuƙa. Raken gaskiya ne, amma ta daɗe ba ta ga mutum yana feƙe rake da irin wannan natsuwa ba.

Da sassafe Sabitu ya hau keke ya kama hanyar Kurfi. An yi ruwa, hanya ta yi laka, sau biyu yana sauka ya ɗauki keken a kafaɗa. Duk wanda ya taho daga baya da sauri, sai ya ɗauka saƙon rasuwa ne ya biyo shi. A wani ƙauye ya ji hayaniyar mata, ya tsaya cak, sai da ya tabbatar biki ne sannan ƙafarsa ta yarda ta koma kan feda.

Ya sami Malam Lado a zaurensa yana fama da mura, ya naɗe wuya da wani tsohon hirami mai ratsi-ratsi. Sabitu ya durƙusa ya gaida shi, ya zayyana komai. Malam yana saurare yana share hanci.

"Kuma da bakinka ka ce don kada ya rayu?"

"Hoton nake nufi, Kawu."

"Gwamnati ta kashe shekara nawa tana karantar da kai?"

"Kawu, ka zo ka yi masu bayani. Kai ka koya mani layin ga."

"Ni?"

"Kai ka ce in an raba kai da jiki..."

"Na ce wasu malamai sun ce. Wasu kuma sun ce layi bai raba komai ba, wayo ne kawai, kuma ba a yi wa Allah wayo. Ka tashi ka tahi kafin in kai wurin."

Sabitu ya ji kamar an zare masa tabarmar da yake kai. Ya tuna littattafan zanensa bakwai da ke cikin akwati, da kajin allo na shekara goma sha ɗaya, duk a jere suna jiransa.

"To wanne ne daidai?"

"Da na sani da ban ce wasu ba."

"Ko haka ne, Kawu, ka zo. In suka ga malami kamarka..."

"Su ga wanda ya koya maka yanka. Yanzu mutum ɗaya suke nema. In na zo sun sami biyu, kuma na biyun yana da allo da tawada, ba sai an yi dogon bincike ba." Ya yi atishawa. "Zan yi maka addu'a. Shi ma Rabe zan yi mashi, don yanzu numfashinku ɗaya."

"In cire layin ko in bar shi?"

"In ka cire, ka amsa cewa shi ya kwantar da shi. In ka bari, ka amsa cewa kana so ya mutu. Ka sha fura kafin ka koma."

Sabitu bai iya shan furar ba. Yana zaune yana kallon kawunsa yana gyara hiraminsa, yana ƙara zagaya shi a wuya. Idon mai zane ba ya hutawa ko mai shi yana cikin tashin hankali. Ya ga yadda ratsin baƙi ke bin wuyan daga wannan gefe zuwa wancan, ɗaya a kan ɗaya, siririya kusa da mai kauri. Ya daɗe yana kallo har Malam ya tambaye shi ko shi ma zana shi zai yi, in haka ne ya tashi ya fita.

Ya iso Dutsin-Ma ana kiran la'asar, laka har gwiwa. Kafin ya shiga gari sai da ya tsaya ya kasa kunne ta wajen gidan Alhaji. Ba kuka. Ya biya gida ya ɗauki fensira da gawayi. Rahmatu ta miƙa masa robar, ya ce ta bar ta. Ta bi shi da kallo, ba ta ce a dawo lafiya ba, wataƙila don kada ta yi ƙarya.

Wannan karon an shigar da shi har ɗakin Alhaji, domin Manu ya ce a yi aikin a gaban mai wuyan. Alhaji yana jingine da matasai, baki a buɗe, miyau na zuba, ido ya faɗa. Kwana biyar ba abinci sun mayar da hancinsa yadda yake kafin a rage shi, har da ƙari. Ya dubi Sabitu, kuma a idon nan ba fushi, tsoro ne zalla. Wannan ya fi komai tayar wa Sabitu da hankali. Bai taɓa tunanin akwai ranar da mai rumbu goma sha biyu zai ji tsoronsa ba, kuma ya san mutane ba sa yafe wa wanda suka ji tsoro.

Kafinta ya cire gilashi. Aka shimfiɗa hoton a kan faifai babba a tsakar ɗaki. Manu ya tsuguna a dama, mahaucin nan a hagu, sauran suka cika ƙofa har haske ya ragu.

Sabitu ya ɗauko fensir. Manu ya cafke masa wuyan hannu.

"Cirewa aka ce. Me tsini zai yi a wuyan Yaya?"

"In na kankare, takardar za ta huje. Nan daidai." Ya nuna maƙogwaro, bai taɓa ba. "Kuna so?"

Ba wanda ya so.

"Na bar wuyan a buɗe ne, shi ne kuskurena. Zan rufe mashi shi da hirami, irin wanda ya sauko da shi daga Makka. In na gama ba sauran layi."

Manu ya dubi yayansa. Alhaji ya ɗaga yatsa ɗaya, ya sauke. Aka saki hannun.

Sabitu ya fara da gefen hiramin, daga kafaɗa, ya zagayo ƙarƙashin gemu, ya sauko da jela a ƙirji. Layin yana nan a tsakiya, shi kaɗai. Saura ratsi.

A hanya, a kan keke, dabarar ta yi masa kyau ƙwarai. Abin da bai hango ba shi ne yadda ratsin farko zai kasance a idon mutanen da ba su san ratsi ba ne. Ya aza fensir a gefen wuyan Alhaji, ƙasa da tsohon layin kaɗan, ya ja shi zuwa ɗaya gefen.

"Ya ƙara!" in ji mahaucin. "Wallahi ya ƙara wani!"

"Ratsi ne. Hirami ba ya rasa ratsi. Ku bari ku gani."

Ya ja na biyu da sauri, ya ja na uku. A kan na huɗu Alhaji ya yi wani irin ƙara, ya dafe wuya da hannu biyu, ya tuntsuro gaba. Idonsa ya fito. Ya buɗe baki, sai ga jini da ruwan ƙurji sun zubo a kan rigarsa da tabarma, da wari mai tayar da zuciya. Wata mace ta ƙwalla ihu a tsakar gida.

Sabitu bai ga lokacin da Manu ya taso ba. Ya dai ji bayansa ya bugi bango, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, da yatsu biyar a maƙogwaronsa, daidai inda mahauci ya ce ana aza wuƙa. Ya nemi kalmar shahada, ya same ta, amma ba hanyar da za ta bi ta fito. Ɗakin ya fara yin baƙi daga gefe-gefe. Abin da ya zo masa a rai, kuma ya ji kunyarsa daga baya, shi ne hiramin bai ƙare ba, za a ce aikinsa ke nan.

"Ruwa."

Muryar kamar ta tsohon ƙyaure, amma murya ce. Yatsun suka sassauta.

"Ku ba ni ruwa," in ji Alhaji Rabe. Yana zaune cikin ƙazantarsa yana jan iska da baki da hanci, kamar wanda ya fito daga rijiya.

Aka kawo ruwa a moɗa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya haɗiye. Kowa a ɗakin ya bi ruwan nan da ido har ya wuce. Sai kabbara ta tashi, ta fita zaure, ta kai titi.

Sabitu yana zube a gindin bango yana tari. Manu ya tsaya a kansa, ya ɗauko fensirin da ya faɗi, ya riƙe shi da yatsu biyu nesa da jikinsa, ya miƙa masa.

"Ƙarasa, Malam," ya ce, da ladabin da bai taɓa yi masa ba.

Ya ƙarasa. Ya ja ratsi har wuyan ya cika, siririya kusa da mai kauri, ya sa inuwa a lanƙwasa, ya yi wa jelar tufka. Mahaucin ya duba da kyau ya shaida cewa ba sauran yanka. Aka mayar da gilashi.

Malamin asibiti ya zo da safe ya ce ai ya faɗa, ƙurji ne, ya nuna ya fashe. Aka ba shi goro aka gode masa. Garin ya riga ya san abin da ya gani: malamin zane ya ɗaure wuyan Alhaji da layi ɗaya, ya kwance shi da huɗu. Da Alhaji ya mutu, da akwai masu cewa ajali ne. Da ya tashi, ba wanda ya rage da shakka.

Bayan mako biyu Alhaji ya aika a kira shi. Yana zaune a zaure ƙarƙashin hotonsa, ya rame, ya naɗa hirami na gaske a wuya duk da zafin da ake yi.

"Malam, na yahe maka. Ban tambaye ka wanda ya sa ka ba, kuma ba ni tambaya."

"Alhaji, wallahi ba wanda..."

"Na ce ba ni tambaya. Hiramin ya yi kyau, ya fi hancin." Ya yi ɗan tari, ya dafa wuya, ya jira, sannan ya ci gaba. "Amma ka cire shi ɗin ko? Duka?"

Sabitu ya ɗaga kai ya dubi hoton. Tun ranar yake gaya wa kansa cewa layinsa yana nan a cikin ratsin, na uku daga sama, yana raba kai da jiki kamar yadda aka sa shi, ko da malaman da suka yarda da shi rabi ne. Ya nemi na uku daga sama. Ya yi kauri da yawa. Na huɗu kuma ya lanƙwasa yadda ƙyalle ke lanƙwasa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya sake hawowa. Aikin ya yi kyau fiye da yadda ya so. Mutum ne cikakke a bango, sanye da hirami, yana kallonsa yana jira.

"Ba ya nan, Alhaji," ya ce. Bai san ko ƙarya ya yi ba, bai kuma san wanne ya fi so ba.

"Madalla. To ka riƙa kula da shi. Daga yau in wuyan ga ya motsa, kai za a fara nema."

Daga wannan shekara yaran firamare suka koma zanen tulu da bishiyar kuka da taswirar lardi. Mutane suka riƙa gaida Malam Sabitu tun daga nesa, wasu suna jan rawani su rufe haɓa in ya dube su da yawa. Mahauta suna zaɓa wa Rahmatu tsoka mai kyau ba tare da ta tambaya ba, ita kuma tana karɓa, tunda ba ita ta ja layin ba.

Alhaji Rabe mutum ne mai yawan mura. Ranar Juma'a yana sahun gaba, Sabitu yana can sahu na shida ko na bakwai, inda ya zaɓa wa kansa kusa da ƙofa. Wani lokaci ana tsakiyar huɗuba sai a ji tari daga gaba, busasshe, sau biyu. Sai kawuna su fara juyowa, sahu bayan sahu, a hankali, har su iso kansa. Shi kuma yana zaune da hannu a kan gwiwa, yana jiran ya ji ko za a yi na uku.